Kocin Unguwa da Minti Biyar na Farko

A watan Afrilun bara, wajen ƙarfe uku da rabi na rana, ina zaune a gindin darbejiya a bakin wani filin ƙwallo na turɓaya da ke bayan unguwarmu a Garwa, a arewacin Kamaru, ina jiran ɗan ƙanwata ya gama atisaye mu wuce gida. Yaran sun haura talatin, daga ɗan shekara goma har wanda gashin baki ya fara fito masa, dukansu a hannun mutum guda mai usur rataye a wuya. Sun sha kashi a wasan Asabar, shi ya sa ya ɗora musu zagayen fili. Ana cikin gudun sai na hangi wani yaro da ba zai wuce shekara 13 ba ya fara tangaɗi, ya durƙusa, ya kife da fuska.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin unguwa ya san abin da ya biyo baya. Nan da nan aka yi masa zobe har iska ba ta samun hanya. Wani na cewa a ɗaga ƙafafunsa, wani na neman cokali a sa masa a baki kada ya haɗiye harshe, wata mai gyaɗa na ihu kada kowa ya taɓa shi, farfaɗiya ce, yawunsa zai shafi mutum. Kocin na durƙushe yana jijjiga shi yana kiran sunansa, hannunsa na rawa. Ni ma da furfurata ina tsaye, ban san da me zan fara ba. Mai shayin bakin titi ne ya kinkimo jarkarsa, muka ja yaron inuwa, aka tuɓe masa riga, ana kwarara masa ruwa ana fifita, sannan aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu sai asibiti. Allah ya yi da sauran kwana. A can aka ce zafi ne ya buge shi, kuma ashe kwana biyu ke nan yana ɓoye zazzaɓi don kada a cire shi daga sahun farko.

Bayan magariba kocin ya same ni a ƙofar gida. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Malam, wallahi shekara tara ina tara yaran nan, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce idan yaro ya faɗi ga abin da zan yi. Abin da kocina ya yi mini, shi nake yi musu."

Tun daren nan maganarsa ta ƙi barina. Muna miƙa 'ya'yanmu kullum ga mutumin da ya san yadda ake tare ƙwallo da ƙirji, ya san wa zai tsaya a baya wa zai tafi gaba, amma ba a taɓa koya masa abin da zai yi a minti biyar na farko bayan yaro ya faɗi ba. Alhali a waɗannan mintocin ake rabuwa, tun kafin a ji ƙarar babur, balle a kai ga likita.

Mu 'yan Kamaru bai kamata a ba mu labarin wannan ba. Ranar 26 ga Yuni 2003 duk muna gaban talabijin lokacin da Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa, a minti na 72 na wasanmu da Kolombiya, babu wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28. Binciken gawa ya nuna naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima, ciwon da mutum kan rayu da shi bai sani ba sai ranar da gudu ya tayar da shi. Shekara 13 bayan haka, ranar 6 ga Mayu 2016, Patrick Ekeng ya faɗi a Bukares ta ƙasar Romaniya yana buga wa ƙungiyar Dinamo, minti bakwai kacal da shigowarsa. Akwai motar asibiti a bakin fili, amma daga baya masu gabatar da ƙara suka gurfanar da likitar motar bisa zargin ba ta yi yunƙurin farfaɗo da shi ba kafin a kai asibiti. Ba a gama zaman makokinsa ba, kwana biyu tsakani, mai tsaron gidan ƙungiyar mata ta Femina Stars ta Ebolowa, Jeanine Christelle Djomnang, ta faɗi tana ɗumama jiki, ita ma ta cika tana da shekara 26 kamarsa.

Sai a ajiye waɗannan kusa da abin da duniya ta gani ranar 12 ga Yuni 2021, da Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a wasansu da Finlan. Shi ma zuciyarsa ta tsaya. Cikin daƙiƙu aka gane abin da ke faruwa, aka fara danna masa ƙirji a nan kan ciyawa, aka ɗora masa na'urar farfaɗo da zuciya. Wata takwas bayan haka yana buga ƙwallo a Ingila. Rai na Allah ne, babu Musulmin da ke jayayya da wannan, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a gadon asibiti yake zai tafi. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mai raƙumi ya tambaye shi, cewa ya yi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Mu a filayenmu ko igiyar ba mu tanada ba.

Ga yadda abin yake. Idan zuciya ta daina harba jini, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Babu motar asibitin da za ta ratsa lungunan Yelwa ko Jambutu ta iso a wannan lokacin. Abin da ke ruɗar mutane kuwa shi ne wanda zuciyarsa ta tsaya sau da yawa yakan yi fizge-fizge, idonsa a buɗe, yana jan numfashi jefi-jefi kamar minshari. Sai a ce farfaɗiya ce, ko a ce iska ce ta taɓa shi, a ja da baya ana jiran ta sake shi. Ƙa'idar da likitocin wasanni ke koyarwa gajera ce: ɗan wasan da ya faɗi ba tare da an buge shi ba, ka kira shi bai amsa ba, numfashinsa ba daidai ba, ka ɗauka zuciya ce. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya kan ɗaya, ka danna da ƙarfi, zurfin kamar santimita biyar, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, idan ka gaji wani ya karɓa. Ba a sa cokali a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa, kuma ko da farfaɗiyar ce, yawu ba ya yaɗa ta. Wannan darasin wuni ɗaya ne. Ba ya buƙatar Faransanci, ba ya buƙatar takardar makaranta. Na'urar farfaɗo da zuciya tana da tsada, ba zan yi wa kowa alƙawarin ganinta a filin turɓaya nan kusa ba, amma danna ƙirji shi ke riƙe mutum har a kai inda take.

Sai dai tsayawar zuciya ba kullum take faruwa ba. Abin da ke zaune tare da mu kowace shekara shi ne rana. Daga Maris zuwa farkon Mayu ma'aunin zafi a Garwa da Marwa da Kuseri yana wuce digiri 40, a Njamena ma haka ko fiye. Turɓayar fili da yashin mayo, wato busasshen kogi, inda yaran Marwa ke buga ƙwallo da rani suna dawo da zafin daga ƙasa, yaro kuwa ya fi babba kusa da ƙasar, kuma ba ya tsayawa don kansa ya ce ya gaji matuƙar abokansa na gudu. Jikin mai gudu kamar injin niƙa yake, yawancin ƙarfin da yake ƙonawa zafi yake zama, kuma zufa ce babbar hanyar fitar da shi. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, ko aikin ya fi ƙarfin zufar, zafin cikin jiki sai ya haura 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Daga nan ne ake ganin tangaɗi, surutai marasa kan gado, faɗa ba dalili, sannan suma. Koci da bai sani ba sai ya ɗauka lalaci ne ko taurin kai, ya ƙara masa zagaye biyu.

Maganinsa na farko ba ya asibiti, yana bakin fili. A sanyaya jiki tukuna, sannan a ɗauke shi. Mafi sauri shi ne a tsoma yaron cikin ruwan sanyi har wuya, a baho ko rabin duro, wani na riƙe da kansa. Idan babu, a kwarara ruwa a dukan jiki ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Abin da mai shayinmu ya yi ke nan ba tare da ya san sunansa ba, kuma ina da yaƙinin jarkar nan ce Allah ya sa ta zama sanadi. Wanda bai farfaɗo sosai ba kuwa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Akwai wata tsohuwar al'ada da ya kamata a binne, wato hana yara ruwa lokacin atisaye da sunan ƙarfafa su, wai ruwa na sa ciki nauyi, wai namiji ba ya shan ruwa sai an tashi. Manyan 'yan ƙwallon duniya, masu likitoci da abinci na musamman, FIFA ta yarda a tsayar musu da wasa su sha ruwa idan zafi ya kai wani mizani, wajen minti na 30 da na 75. A gasar cin kofin duniya, an fara yin haka a hukumance a 2014 a Burazil, a wasan Holan da Meziko. To ina ga yaron da ya fito daga makaranta da kokon safe kaɗai a cikinsa? A ƙasarmu hutun ruwa kowane minti 15 zuwa 20 ya kamata ya zama kamar busa usur, kuma a watannin bazara atisayen ƙarfe biyu ko uku na rana bai da wani uzuri. A koma sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Shekarun nan kuma azumi ya yi ta faɗowa cikin Maris da Afrilu, yara masu shekara 14 da 15 suna ɗauke da shi, kocin ma haka, amma sai ka ga ba a sauya lokaci ba. Wanda ya san aikinsa zai sassauta, ya mai da mai nauyin bayan buɗa baki.

Yaron da na ba da labarinsa yana da zazzaɓi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda maleriya take kamar maƙwabciya. Zazzaɓi ya riga ya ɗaga zafin jiki ya ƙone ruwa tun kafin a fara gudu. Maleriya mai yawan dawowa kan kumbura saifa, saifa mai kumburi kuwa gwiwa ɗaya a ciki na iya fasa ta. Ga sikila: masu ciwon an san su, amma akwai da yawa da ke ɗauke da rabin gadonta, lafiyarsu ƙalau, sai dai gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa na iya kayar da wasunsu. Takardar likita da ake nema kafin wasu gasanni an yi ta ne don a kama irin waɗannan, a saurari zuciya, a tambayi ko yaro ya taɓa suma yana gudu, ko yana jin ciwon ƙirji, ko wani a danginsu ya mutu farat ɗaya yana matashi. Na sha ganin an tattara sunaye da kuɗi a kai wani wuri a dawo da takardu masu hatimi, ba a ga fuskar yaro ko ɗaya ba. Tambayoyin nan uku kuwa koci da kansa zai iya yi wa uba ko uwa ranar da aka kawo masa yaro, kyauta.

Bugun kai kuma mun fi raina shi saboda ba ya fitar da jini. Yara biyu su yi karo a sama, ɗaya ya tashi yana dafe kai, a zuba masa ruwan leda a ce koma, kai namiji ne. Ƙwaƙwalwa na iya jijjiga ba tare da an suma ba, alamunta kuma, ciwon kai, jiri, amai, mantuwa, gani biyu-biyu, kan ɗauki har kwana uku kafin su bayyana, bugu na biyu a kan wanda bai warke ba shi ne mai hatsari. Amurka ta hana yara 'yan shekara goma zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka tun 2015, Ingila ma ta bi sahu a wasannin ƙananan yara, kuma daga Yulin 2024 dokokin ƙwallo sun ba da damar ƙarin canji saboda bugun kai. Namu dai mai sauƙi ne: wanda aka yi shakka a kansa ya fita, ba ya komawa ranar, kuma a gaya wa iyayensa su sa masa ido. Wannan ya shafi 'yan kokawa da dambe da masu judo da karate fiye ma da 'yan ƙwallo.

A ƙarshen 2022 hukumar ƙwallon ƙasa, ƙarƙashin Samuel Eto'o, ta sa aka yi wa 'yan ƙasa da shekara 17 hoton ƙashin wuyan hannu kafin gasar yankin Afirka ta Tsakiya, 21 cikin 30 suka faɗi. Mutane sun ɗauki abin a matsayin abin kunya na maguɗi, kuma haka ne. Ni abin da ya tsaya mini shi ne abin da hoton ke dubawa. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani sashe mai taushi inda ƙashi ke tsawo, ba ya rufewa sai girma ya kammala. Wanda nasa ya rufe, ƙashinsa da nauyinsa na babba ne. Idan ka haɗa shi da wanda nasa ke buɗe a fili ɗaya, ka sa su yi karo, ƙaramin ne zai karye, kuma karayar wannan wuri na iya sa hannu ko ƙafa ta girma a karkace. Yanke shekaru ke nan ba satar kofi kaɗai ba ce, cutar da ɗan wani ne. A nan arewa matsalar ta fi sarƙewa, don yara da yawa ba su da takardar haihuwa, wasu sai za su yi jarrabawar firamare ake nema musu ta kotu a ƙiyasta shekarun. Koci ba zai iya ɗaukar hoton ƙashi ba, amma yana da ido, zai iya raba yara da girman jiki, ya daina sa ɗan goma sha biyu ya tari saurayi don wai ya koyi jarumta.

Idan kuma an karye, yawancinmu wurin mai ɗori muke fara zuwa. Ba zan zage su ba, akwai masu gadon sana'ar da suka taimaki al'umma tun kafin a gina asibiti. Amma ɗaurin karare da aka matse a kan hannun da ke kumbura yana toshe jini, kuma likitocin ƙashi a duk yankin nan sun san yaran da aka kawo musu bayan kwanaki yatsu sun yi baƙi, sai yankewa. Koci ne mutum na farko da iyaye ke tambaya, "Yanzu ina za mu kai shi?" Idan ya san cewa karayar kusa da gaɓa, ko wadda ƙashi ya huda fata, ko yatsun da suka yi sanyi suka mutu, ta asibiti ce ba jira, ya ceci hannu. Haka ciwon da kwalba ko tsohon ƙarfe ya yi a filin da ba a share ba: a wanke da ruwa da sabulu, a tambayi allurar rigakafin sarƙe-haƙora, a bar zuba turɓaya ko man birki.

Wani abin takaici shi ne akwai rigakafin da ba ya cin ko dala. Likitocin FIFA sun tsara wani ɗumama jiki na minti 20 da ake kira 11+, gudu a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon tsalle da sauka gwiwa ba ta karkata ciki ba, ƙarfafa cinya da ƙugu. A Norwe an gwada shi a kan 'yan mata kusan 1,900 a wani bincike da aka wallafa a 2008, raunuka suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. An gwada shi a kan samarin wata gasar matasa a Legas, raguwar ta kai kashi 41 cikin 100. Ba ya buƙatar komai sai fili da wanda ya iya shi. A filayenmu har yau ɗumama jiki shi ne zagaye biyar da tsallen kwaɗo, tsallen kwaɗon ma a matsayin horo.

To me ya hana ilimin nan isa ga kocin unguwa? Ba rashin tsari a sama ba ne. Hukumar ƙwallon Afirka tana da matakan lasisin koci daga D zuwa C da B da A har na ƙwararru. A Yawunde akwai babbar makarantar matasa da wasanni ta INJS, a nan Garwa muna da CENAJES da ke yaye malaman motsa jiki, akwai ANAFOOT mai rainon 'yan ƙwallo, akwai gasannin makarantu na FENASSCO kowace shekara. Muna da Coton Sport da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008, wadda ta fitar da Vincent Aboubakar. A Janairun 2022 mun ga Najeriya da Masar sun kara a filin wasa na Rumde Ajiya da ke nan Garwa, motocin asibiti a jere, likitoci da jakunkunansu a bakin layi. Duk wannan gaskiya ne. Amma tsarin an gina shi ne daga sama zuwa ƙasa, yana ƙarewa a ƙofar ƙungiyoyin da ke da rajista, alhali mafi yawan yaran da ke buga ƙwallo ba su taɓa ganin katin rajista ba.

Kocin unguwa tela ne, ko mai babur, ko tsohon ɗan wasan da gwiwa ta mayar gida. Ba a biyansa. Sau da yawa daga aljihunsa yake sayen ƙwallo da ruwan leda. Kwas ɗin lasisi yana buƙatar kuɗin rajista, da barin sana'a kwanaki, wani lokaci da kuɗin mota da masauki, kuma da Faransanci ake yinsa, shi kuwa da Hausa da Fillanci yake rayuwa. Ko ya samu takardar, ba za ta ƙara masa ko sisi ba tunda ba mai ɗaukarsa aiki. Don haka duk wanda ya ce a kafa doka, wanda ba shi da lasisi kada ya tara yara, bai san unguwa ba. Idan ka kori wannan mutum, yaran ba gida za su koma ba, za su ci gaba da ƙwallonsu babu babba ko ɗaya a wurin, wasu kuma su gangara wurin masu tiramol. Shi kaɗai ne ya sadaukar da yammacinsa saboda 'ya'yan wasu. Abin da ya dace shi ne a kai masa ilimin inda yake, da harshensa, a taƙaice, kuma a maimaita, don hannun da ya koyi danna ƙirji bai sake gwadawa ba yakan manta cikin watanni. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da taimakon gaggawa, 'yan kwana-kwana sun iya, ma'aikatan jinya na cikin unguwanninmu, malaman motsa jiki na makarantun sakandare suna nan. Masu koyarwa ba su yi ƙaranci ba, wanda zai haɗa su da kocin ne babu.

Akwai kuma wani ɓangare da bakinmu ke nauyi a kansa, muna cewa a bar kaza cikin gashinta. Koci yana da iko a kan yaro fiye da yadda iyaye ke zato. Shi ke cewa wa zai buga, wa za a nuna wa baƙon da ya zo neman 'yan wasa, wa za a tafi da shi gasa a wani gari a kwana. Yaron da ke mafarkin Turai zai haɗiye abubuwa da yawa ya yi shiru. A Disambar 2021 aka bankaɗo zargin lalata da yara maza na tsawon shekaru a ƙwallon Gabon, maƙwabciyarmu, har ya shafi tsohon kocin 'yan ƙasa da 17. A shekarar kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fito da irin wannan a ƙwallon kwandon 'yan mata na Mali. FIFA ta fitar da tsarin kare yara mai suna Guardians tun 2019. Ban faɗi haka don a zargi kowane koci ba, mafi yawansu mutanen kirki ne, kuma ƙa'idojin su suke fara karewa daga ƙazafi: kada babba ya keɓe da yaro ɗaya a ɗaki, kada a yi tafiyar kwana sai da babba na biyu da iyaye suka sani, ƙungiyar 'yan mata ta kasance da mace a tare, kuma yaro ya san wani mutum, ba kocin ba, da zai kai wa kuka a saurare shi. Duka da bulala da zagin uwa ma suna cikin wannan babi, ko da an saba. Haka mai jakar da ke zuwa ya ce zai fitar da ɗan shekara 15 waje idan an sayar da fili an ba shi kuɗi: dokar FIFA ta hana cinikin ɗan ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, kuma kocin da ya san wannan zai iya tsayar da uba tun kafin ya sa hannu.

Wa zai biya? Ni ina ganin kuɗin yana nan, inda ake zuba shi ne daban. Kowane dogon hutu, Yuli da Agusta, unguwanni da ƙauyuka na cika da gasannin hutu. Alhazai da 'yan siyasa da manyan ma'aikata 'yan asalin gari suna sa kofi, riguna masu sunansu, ambulan ɗin kuɗi ga wanda ya ci, makaɗa da rumfuna ranar wasan ƙarshe. Alheri ne, Allah ya saka. Amma kuɗin hayar rumfa da lasifika na yini ɗaya zai ɗauki nauyin zaunar da kocin kowace ƙungiya wuni biyu a gaban ma'aikacin jinya, ya sayi baho da jarkoki da bandeji, ya biya mai babur ko mai mota ɗaya da zai tsaya a bakin fili har a tashi. Mai gasar yana da ikon da gwamnati ba ta da shi, don shi ke riƙe da kofin: ya ce ƙungiyar da kocinta bai zauna darasin ba, ba za ta shiga ba. Lawan da jauro, wato masu unguwa, da limamin unguwa suna iya faɗa masa haka ranar da ya zo neman albarkarsu. Damina ma tana da nata, tsawa kan faɗa a fili buɗaɗɗe, kuma gindin bishiyar da kowa ke gudu ya fake yana cikin wurare mafi hatsari; idan aka ji cida a tashi a shiga gini, alƙalin wasa ya san yana da goyon bayan mai gasar idan ya busa.

Mu iyaye ma da namu. Da yawanmu ba mu san sunan mutumin da ɗanmu ke wuni wurinsa ba, ba mu taɓa taka filin ba, sai ranar da aka kawo yaro a saɓe sannan mu tashi da faɗa. Bayan abin da ya faru, mu bakwai da 'ya'yanmu ke wannan filin muka zauna da kocin. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa aka sayi jarka biyu da babban baho, aka rubuta lambar wayar kowane uba a littafi guda da ke zama a jakar ƙwallaye, aka yi magana da masu babur biyu na bakin titi. Atisayen bazara ya koma ƙarfe biyar. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi yana zama a benci, kuma kocin ya yi musu alƙawari a gabanmu cewa rashin lafiya ba ta cire kowa daga sahun farko. Yaron nan ya dawo bayan mako uku, yanzu shi ke tsaron baya ta hagu.

Danna ƙirjin ne har yau ba mu samu an koya musu ba. Wata ma'aikaciyar jinya a layinmu ta yarda za ta zo, sau biyu aiki na hana ta. Shekaranjiya kocin ya tare ni a hanyar masallaci ya ce, "Malam, ina maganar Hajiyar nan? Akwai koci huɗu daga wasu unguwanni da suka ce in an sa rana in kira su." Na ce masa mun tsayar da Asabar ta biyu bayan Sallah, a zauren makarantar allo, kuma kowa ya zo da matashin kai da zai gwada a kansa.